Abin Da Na Gani A Argungu: Gwanin Da Ba Shi Da Takarda

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridan nan taka mai farin jini, in ba 'yan'uwana ma'aikata da malaman makaranta da sauran masu karatu labarin wata 'yar tafiya da na yi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, da abin da na gani can, wanda ya hana ni sakat tun ran da na komo. Ni baƙo ne a ƙasar Kabi, aiki ya kawo ni, shekarata huɗu ke nan ina akawu a wani ofis a Birnin Kebbi. Amma abin kunya, a cikin shekarun nan huɗu ban taɓa taka Argungu ba sai cikin ɗarin da ya wuce, ko da ya ke tsakaninsu bai wuce tafiyar sa'a guda a mota ba.

Kafin in shiga labarin, bari in tuna wa yara 'yan makaranta asalin garuruwan nan biyu, don wanda bai san shi ba ba zai gane nauyin abin da zan faɗa ba. Muhammadu Kanta shi ne ya kafa daular Kabi wajen shekarar 1515, bayan ya ɓata da Askiya na Songhai ya ƙi ba shi gandu. Babban birninsa Surame, kufansa na nan har yanzu da ganuwar duwatsu a cikin Jihar Sakkwato. Daga baya sarakunan Kabi suka komo Birnin Kebbi, suna nan har 1805, shekarar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci birnin. Kabawa suka watse, suka yi ta gwagwarmaya, har Yakubu Nabame ya tashi a 1849 ya tsai da sarautarsu a Argungu. Watau dai Birnin Kebbi, inda Sarkin Gwandu ya ke zaune yau, kuma inda ya zama babban birnin jiha tun 1991, tsohon gidan Kabawa ne, Argungu kuwa can suka sake kafa gida. An yi shekaru da yawa ana zub da jini tsakanin Kabi da Sakkwato da Gwandu, har Turawa suka zo suka tarar ba a shirya ba.

To, ran wata Asabar da sassafe na shiga mota, hazo ya rufe gari, ko wa ya duƙunƙune cikin mayafi. Muka wuce Ambursa inda filin jirgin sama ya ke, muka miƙa. Wajen hagu, in hanya ta matsa kusa, sai ka hangi fadamar gulbi shimfiɗe iyakar ganinka, manoma sun duƙufa suna dashen shinkafar rani, injinan ban ruwa na ta ƙugi. Wanda ya saba da jigawar ƙasarmu, in ya ga wannan kore shar a tsakiyar rani, dole ya yi shiru. Gefen hanya kuwa duk inda gari ya ke sai ka ga dogon yaro ya yi layi, itacen nan da asalinsa daga ƙasar Indiya aka kawo shi zamanin Turawa, ga shi yau ya zama ɗan gida, ba mai ce masa baƙo.

Da isata na fara da Gidan Tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar sarakunan Argungu ce, a ciki suka zauna har 1942 da aka gina sabuwa, sa'an nan a 1958 aka buɗe ta don jama'a su riƙa shiga suna kallo. An kasa ta kashi 11. Akwai masu da takubba da bakuna da kibau, da bindigogi irin na dā, da layu, da tambura. A nan kuma a ke rufe sarakunan garin in sun rasu. Na daɗe tsaye gaban kayan yaƙin nan ina tunani, na ce a raina, ko wane mashi da ke nan wani maƙeri ya ƙera shi, ko wane tambari wani ya fafe shi ya rufa masa fata, amma sunan sarkin da ya riƙe kaɗai aka sani, sunan mai aikin ya bi iska.

Daga nan na gangara Matan Fada, wurin da a ke bikin kamun kifi. Ko wa ya san labarin bikin nan, sai dai in taƙaita. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu wurin Sarki Muhammadu Sama, abin da ba a taɓa gani ba tun zamanin yaƙi, aka shirya masa su don girmamawa, daga nan abin ya ɗore. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Ya yi shekaru kamar goma ba a yi ba, aka farfaɗo da shi a 2020. Ran da na je ba biki, ba ganga, ba kowa sai 'yan yara da wani mai wankin babur. Na zauna kaɗan, rana ta fara zafi, na tashi neman inuwa. Neman inuwan nan shi ya kai ni ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A bayan gari, inda gidaje suka ƙare fadama ta soma, na hangi wata tsamiya babba da itatuwa kewaye da ita, da bangon ƙasa ya zagaye su. Da na matso sai na ga bangon nan ba irin wanda na saba gani ba ne. Tun daga ƙofa har kusurwa, kamar taki arba'in, duk an yi masa zane mai tudu, an fito da shi da yumɓu kamar yadda magina su ke yi a fuskar zauren attajirai. Ga dagi iri iri, wani cikin wani. Ga homa biyu a buɗe kamar fikafikai, ga gora tsakaninsu. Ga kwalekwale, ga takobi, ga tambari, ga zangarniyar shinkafa. A tsakiya kuwa ga giwan ruwa, tsawonta ya fi mutum, an jera mata ɓawo da fasassun faranti ɗaya bisa ɗaya, fari da shuɗi, an sa mata gindin kwalba a matsayin ido, in rana ta haska sai ka ce yanzu aka fid da ita daga ruwa. Ƙarƙashinta ga tarwaɗa da gashin bakinta, ga ƙarfasa, ga gaiwa ta naɗe cikin laka kamar yadda ta kan yi in ruwa ya janye. Duk wanda ya taɓa cin kifi zai faɗi sunan ko wanne ba sai an gaya masa ba.

Na yi sallama, aka amsa daga ciki. Na tarad da wani dattijo, ya haura saba'in, zaune bisa buzu gindin tsamiya, ƙwarya a cinyarsa, wuƙa biyu cikin kaskon garwashi, yana ɗaukar ɗaya ya ja layi a jikin ƙwaryar, in ta huce ya mayar ya ɗauki ɗayar. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban nemi izninsa ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa aka kawo mini ruwa da tabarma. Cikin lambun akwai mangwaro da gwaiba da lemun tsami da zogale, an yi shingen lalle ta gefen fadama. Waɗansu mata biyu da suka fito kasuwa sun sauke kayansu suna hutawa, almajirai uku suna wanke allo bakin rijiya, wani tsoho na barci. Na tambaya ko iyalinsa ne, ya ce a'a, masu wucewa ne. Ya ce tsamiyar ubansa ya tarar da ita, sauran itatuwan shi ya dasa, kuma tun da ya yi ƙofar nan bai taɓa sa mata ƙyaure ba.

Sai na yi tambayar da har yau in na tuna ta kunya ta kan kama ni. Na ce, “Baba, a wace makaranta ka koyi wannan aiki?” Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, “Ɗana, wa ya koya ma kihi iyo? Mu masunta ne, ubana bai taɓa riƙa wuƙar gyartai ba, bai taɓa aza tubali ba. Abin da munka gani cikin ruwa, shi na aza ga bango.” Ya ce farkon abin, yana yaro, gorarsa ta kan ɓace cikin gorunan mutane a bakin gulbi, sai ya gasa ƙusa ya yi mata alama. Abokansa suka gani suka ce ya yi musu. Daga alama ya koma ado, daga gora ya koma ƙwarya, mata suka fara kawo masa ta aure. Bango kuwa sai da ya girma, ya yi wa wani magini aikin cuɗa ƙasa rani ɗaya, yana kallon hannunsa bai ce kome ba, da ya komo gida ya gwada. Na farko ya zube, na biyu ya tsage, sai a na uku ya gane yawan ciyawar da ƙasar wurin ta ke so da kwanakin da za a bar ta ta ruɓa.

Ya tashi da ƙyar ya zaga da ni, yana nuna mini yadda a ke yi. Ya kan yi yaɓe tukuna, tun yana da danshi ya zana siffar da yatsa, sa'an nan ya riƙa ɗora yumɓu kaɗan kaɗan yana shafewa da bayan cokali. In ya sha iska sai ya kafa fasassun faranti, waɗanda yaran unguwa su ke tsinto masa a juji. Launi uku gare shi, farar ƙasa da jar ƙasa da baƙin tukunya. Daga ƙarshe ya shafe da makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa da a ke jiƙawa, shi ke sa bango ya yi duhu ya yi ƙarfi, ruwan sama ya riƙa zamewa. Ya ce magina na dā sun fi haka, su laso su ke yi, da katsin marina da gashin jima da dafara, wanda ya kan yi shekaru bai motsa ba, amma yanzu marina ta yi wuya a kusa, sai ya haƙura da makuba, ko wace shekara bayan damina a sake.

Ni kuwa ina biye da shi ina tuna makarantar Mishan inda na yi karatu. An koya mana zane, ba a rage mu da kome ba, da fensir da abin ja layi, na kan ci lamba mai kyau. Amma yau in ka ba ni bango da yumɓu ka ce in fito maka da tarwaɗa, sai dai in ba ka haƙuri. Mu da muka yi boko muna da wata cuta, in ba mu ga takardar shaida ba, ba mu yarda mutum ya san abu ba. A ofis in irin dattijon nan ya shigo, a tsaye mu ke barinsa, mu ce ya dangwala yatsa a nan.

Da muka kai bangon gabas sai na ga rabinsa babu, an toshe gurbin da zana. Ya ce ambaliyar 2020 ce, wadda ta cinye shinkafar mutane a ƙasar Kabi duka. Ruwa ya kwana uku a gindin bangon, ya zauna. A nan ne, in ji shi, aikinsa mafi kyau ya ke, jerin jiragen ruwa na ran biki, ya yi rani biyu yana yi. Na ce, “Baba, ba ka sake tayar da shi ba?” Ya ce, “Gwiwa ta ƙiya, ɗana. Wanga da ka gani ma, bara ban iya hawa tsani in shafe samanshi ba.” Na ɗaga kai, na ga gaskiya, saman giwan ruwan ya fara zaizayewa, ɓawo uku ko huɗu sun faɗi. 'Ya'yansa maza biyu, ɗaya na kabu-kabu a Birnin Kebbi, ɗaya na noman shinkafa, ba wanda ya koya. Suna so, in hali ya samu, a rushe a sa bulo da siminti. Ban ga laifinsu ba, don bangon siminti ba ya neman yaɓe ko wace shekara, kuma ba su taɓa ganin wanda ya zo ya ce musu abin da ubansu ya yi yana da daraja ba. Wani mai saye ya kan zo daga nesa ya kwashi ƙoren da ya zana da kuɗi kaɗan, ba ya ko tambayar sunansa.

To, jama'a, ga inda maganata ta nufa. Na taɓa zama Kaduna, na san lambun Gamji da ke bakin kogi, wanda yanzu a ke kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina. A cikinsa akwai 'yar gadar ƙarfe wadda Gwamna Lugga ya sa aka yi a Zungeru a 1904, aka ciro ta aka kawo Kaduna, a 1956 aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Ban ce kada a kiyaye ta ba, tarihi ne. Amma in gadar da baƙo ya kafa ta sami lambu da doka mai tsaronta, ashe aikin hannun ɗan ƙasa bai cancanci ko da buhun makuba da ɗan yaro mai hawa tsani ba?

Ku dubi kuma abin da ya faru a Indiya, ƙasar da ta ba mu dogon yaro. Akwai wani mutum, Nek Chand, ma'aikacin gwamnati ne kamarmu, mai duba aikin hanya a birnin Chandigarh, bai taɓa shiga makarantar zane ba. Sa'ad da a ke rushe ƙauyuka don gina birnin, shi kuwa in ya tashi aiki sai ya bi juji da kekensa yana tsintar duwatsu da fasassun tangaran da karyayyun warwaro, yana kai su wani kurmi na hukuma. Tun 1957 ya ke gini a ɓoye, shekara 18 ba wanda ya sani, sai a 1975 ma'aikata suka gano. Bisa doka rushewa ya kamata a yi, don ba filinsa ba ne. Amma mutanen gari suka tsaya masa, hukuma ta duba ta ga abin ya fi ƙarfin rushewa, a 1976 aka buɗe wurin ya zama lambun jama'a, aka yanka masa albashi, aka ba shi ma'aikata 50. Ya rasu a 2015, lambun kuwa ya kai eka 40, mutane na zuwa kallonsa daga ko'ina cikin duniya. Da ma'aikacin da ya fara ganin wurin ya tsaya kan takarda kaɗai, da yanzu ba labari.

Mu ma ba yau muka fara samun irinsu ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, masana gini na duniya har yau suna rubutu a kansa. Ladi Kwali, maginiyar tukwane, wurin gwaggonta ta koya, ba ta yi boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan takardar Naira 20 da ke aljihun ko wannenmu. Waɗannan an gan su tun suna da rai. Nawa ne ba a gani ba?

Na san waɗansu malamai za su ce siffanta abu mai rai akwai magana a kansa. Wannan fagensu ne, ba ni da bakin sa wa a ciki, kuma ban ce mu kwaikwayi mutum-mutumin Indiya ba. Sai dai in shaida abin da idona ya gani, babu siffar mutum ko ɗaya a bangon nan, kuma mafi yawansa dagi ne da homa da takobi da ganye, irin adon da ke ƙofar fadar sarakunanmu da gaban rigunan malamai kansu.

Sabo da haka ina roƙon abu uku, da ladabi. Na ɗaya, ina roƙon Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu da majalisarsa, da hukumar jiha mai kula da al'adu, su duba ko za a keɓe fili kusa da Matan Fada ko kusa da Gidan Kanta, a dasa itatuwa, a yi lambun da ko wa zai shiga kyauta, a ba irin waɗannan gwanaye bangonsa su yi wa ado, a rubuta sunan ko wanne a gindin aikinsa. Biki kwana kaɗan ne a shekara, amma lambu kullum yana nan, baƙon da ya zo ba lokacin su ba ya sami abin kallo da wurin zama. Na biyu, ina roƙon malaman makarantun Argungu da Birnin Kebbi, ko sau ɗaya a zango, su kai yara wurin masu sana'ar hannu na garinsu, su zauna ƙasa su gani. A cikin yara arba'in ba a rasa ɗaya da hannunsa zai kama. Na uku, ku 'yan'uwana akawuna, ko wannenmu yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. In ka ga irin wannan aiki a ƙauyenku, ka nemi izni ka ɗauka, ka rubuta sunan mai shi da shekara, ka ajiye, in ka saya kuma ka biya kuɗin kirki.

Kada in zama mai faɗa ba cikawa, ni da abokan aikina biyu mun yi shawara, mun haɗa abin da ya sawwaƙa daga albashinmu, za mu koma kafin ruwa ya sauka, mu nemi magini da yaro ɗaya su shafe saman bangon bisa umurnin dattijon. Wani jikansa ɗan shekara goma sha biyu, wanda na ga yana ta leƙen kaskon wuƙaƙen nan, mun roƙi ubansa ya bar shi ya riƙa zama wurin kakan ran da ba makaranta, ya kuwa yarda. Wannan ba zai ta da bangon gabas ba, amma ya hana na yamma bin sawunsa bana.

Da zan tafi dattijon ya ba ni 'yar ƙwarya mai zanen homa, na kawo kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce baƙo ba ya sayen ruwa. Tana nan bisa teburina a ofis, a ciki na ke zuba ƙananan ƙusoshin takarda, duk wanda ya shigo sai ya tambaye ni inda na samo ta.

In akwai mai karatu a Yawuri ko Zuru ko Jega ko wani wuri da ya san irin wannan gwani a garinsu, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita, mu ji.   Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Birnin Kebbi.